Darasi: Gizakar wake da faɗa-wutar da ke haifarta

Gizakar da ke cin wake da hatsi da gujiya a gonakin Damagaram ba daga sama take faɗowa ba. Uwarta wata faɗa-wuta ce, masana na kiranta Amsacta moloneyi. Ana samunta a yankin Sahel, daga Senegal da Mali da Burkina Faso har Nijar da arewacin Najeriya, ta fi son ƙasar jigawa mai yashi.

Faɗin fukafukanta in ta buɗe ya kusa santimita 4. Na gaba farare ne masu ratsin ƙasa-ƙasa, bakinsu na gaba da jan layi siriri. Wata ratsinta ya yi duhu, wata ya koɗe har ta zama kamar fara sol. Duk iri ɗaya ne. Gizakar ma haka: tana ƙarama rawaya ce fayau, in ta girma wata rawaya, wata ja-ja, wata ta yi duhu. A nan manoma ke ruɗewa, su ɗauka ƙwari uku ne.

Rani duka gizakar tana kwance cikin ƙasa, a can take rikiɗa ta zama faɗa-wuta. Kwana kaɗan bayan ruwan shuka sai ta fito da dare, ta zuba ƙwai a tare a bayan ganye. Shi ya sa ɓarnar gizakar ke faɗawa kan shuka tun tana jaririya.

Bayan ruwan farko, a duba fitila da dare. In an ga faɗa-wutar, a shiga gona da sassafe ana juya ganyen wake da na ciyawa. Ganyen da ke da ƙwai ko ƙananan tsutsotsi a tsinke a binne. Manya a kwashe su da tsinke cikin gwangwani, don gashinsu na sa ƙaiƙayi.

In sun yi yawa, a daka ƙwallon dogon yaro busasshe rabin kilo, a jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, a tace da ƙyalle, a fesa da marece har bayan ganye. Da rana ƙarfinsa kan mutu, ruwan sama kuma na wanke shi, sai a sake. Ƙanana yake kamawa. Gizakar da ta yi gashi sosai ba ta cika jinsa ba, a nan sai a nemi malamin gona.