Nauyin jirgi da ƙarfin taksiwe: kurakuran da matuƙa suka fi yi a ƙasa

Babu lokacin da jirgin sama ya fi danne ƙasa kamar sa'ad da ya gama lodi yana tafiya a hankali zuwa bakin titin tashi. Tankuna cike suke, fikafikai ba su fara ɗaukar komai ba, nauyin duka yana kan tayoyi. Hanyoyin da yake bi daga wurin ajiye jirage zuwa titin tashi, waɗanda matuƙa ke kira taksiwe, ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wata an gina ta don manyan jirage, wata tsohuwa ce da aka shimfiɗa wa ƙanana, kuma daga kujerar matuƙi ido ba ya bambance su. Kowacce shimfiɗa ce mai layi rawaya a tsakiya.

Kuskuren da na fi jin tsoro shi ne ɗaukar izinin hasumiya, wato masu kula da zirga-zirgar jirage a filin, a matsayin shaidar cewa hanya za ta ɗauki jirgin. Jami'in da ya ba ka izini ya san irin jirginka, amma bai san tan nawa kake ɗauke da shi a wannan tafiyar ba. Hankalinsa yana kan raba jirage kada su yi karo. In an rufe wata hanya don gyara, ko layi ya yi tsawo, yana iya karkatar da kai ta inda ba ka shirya ba, kai kuma baki ya riga ya maimaita izinin kafin ido ya kai kan taswira. Maganin wannan ba wuya gare shi ba. Duk hanyar da aka ba ku wadda ba ta cikin abin da kuka tattauna kafin a tura jirgi baya, ɗayanku ya duba ta a taswira kafin hancin jirgi ya shiga cikinta. In ba ta dace ba, a faɗa wa hasumiya kai tsaye cewa ba za a iya ba saboda nauyi, a nemi wata. In akwai shakka, a tsaya, a sanar da su an tsaya. Alhakin jirgi yana wuyan kyaftin ko da wa ya ba da izini.

Daga nan sai karatun lambar ƙarfin hanya, inda mutane da yawa ke karanta rabi su bar rabi. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ga jiragen da suka haura kilo 5,700 ita ce a kwatanta lambobi biyu: ta jirgi, wadda kamfanin da ya ƙera shi ke fitarwa, da ta hanya, wadda filin jirgi ke bugawa. In ta jirgi ba ta wuce ta hanya ba, an yarda. Sai dai ta hanya ba lamba ce kaɗai ba, tana tafe da haruffa huɗu. A ce ka ga an rubuta 600/F/C/X/T. Harafin farko yana faɗin irin shimfiɗar: F kwalta, R kankare. Na biyu ƙarfin ƙasar da ke ƙarƙashinta ne, daga A mai tauri zuwa D mai rauni ƙwarai. Na uku iyakar iskar taya, daga W da ba shi da iyaka zuwa Z. Na huɗu yana nuna ko injiniyoyi ne suka auna, wato T, ko kuwa an dogara ne da jiragen da suka saba bi lafiya, wato U.

Abin da ya sa haruffan nan ke da muhimmanci shi ne jirgi ɗaya, a nauyi ɗaya, yana da lambobi takwas: huɗu na kwalta, huɗu na kankare, ɗaya ga kowane ƙarfin ƙasa daga A zuwa D. Wanda ya haddace lambar jirginsa ta layin A ya je ya gwada ta da hanyar da ke kan ƙasar C ya yaudari kansa, domin a kan kwalta lambar jirgi tana hawa sosai yayin da ƙasar ke ƙara rauni. A fara da haruffa, a nemo layin da ya dace a teburin jirgin, sannan a kwatanta lamba.

Akwai sabon tarko a nan. Tsarin ACN (lambar jirgi) da PCN (lambar hanya), wanda aka yi aiki da shi tun 1981, an maye gurbinsa da ACR (ta jirgi) da PCR (ta hanya) daga 28 ga Nuwamba, 2024. Lambobin sabon tsari sun ninka na tsohon kusan sau goma, saboda ma'aunin ya koma ɗaruruwan kilo maimakon dubbai. Matuƙin da ya riƙe ACN 70 a kansa ya ga PCR 600 a takarda zai ɗauka yana da sarari mai yawa, alhali mai yiwuwa ya riga ya haura iyaka. Ba a gwada ACN da PCR, ba a kuma ƙara sifiri a ce an sauya, domin hanyar lissafin ma ta bambanta. Tsoho da tsoho, sabo da sabo.

Wasu kuma suna auna jirgi da ido: in babba ya bi, ƙarami ma zai bi. Shimfiɗa ba girman jirgi take ji ba, nauyin da ke kan kowace taya take ji, da yadda tayoyin suka kusanci juna. Airbus A380 yana kai tan 575, amma ya raba nauyinsa a kan manyan tayoyi 20. Boeing 777-300ER bai wuce kimanin tan 352 ba, sai dai a kan tayoyi 12 yake, shi ya sa a kan kwalta lambarsa takan fi ta A380. Gada kuwa lissafinta daban ne. Inda taksiwe ta haye titin mota ko ruwa, akan buga iyakarta da jimillar nauyin jirgi, kuma wannan iyakar ce za a bi.

Sabo turken wawa, in ji masu iya magana, kuma a ƙasa yake kama ƙwararru. Hanyar da ka bi bayan sauka da tankuna kusan wayam ba lallai ta ɗauke ka ba in za ka tashi. Tankunan 777-300ER suna cin lita 181,000 da 'yan kai, wato fiye da tan 140 na mai kaɗai. Nauyin da za a yi lissafi da shi shi ne na barin wurin ajiye jirgi, kafin a ƙona man tafiyar ƙasa, kuma in an ƙara kaya ko mai a ƙurarren lokaci sai a sake dubawa. Haka nan ƙarfin titin tashi ba shi ne ƙarfin taksiwe ba. A kundin bayanan filayen jirage na kowace ƙasa, wanda ake kira AIP, na titi yana sashen AD 2.12, na taksiwe da wurin ajiye jirage yana AD 2.8, ƙa'idojin filin na musamman kuma suna AD 2.20. Sanarwar NOTAM, wato wadda ake fitar wa matuƙa kan sauye-sauye a filin jirgi, tana iya rage ƙarfin hanya na ɗan lokaci bayan ruwa mai yawa ko aikin gyara, kuma irin wannan layin yakan ɓace a tsakiyar shafuka masu tsawo. A nemo shi tun a ɗakin shiri, a yi masa alama a taswira.

A kula da ma'auni: a Amurka ana yawan buga iyakar nauyi da dubban fam gwargwadon tsarin tayoyi, kuma kilo ɗaya fam 2.2 ne.

Rangwamen da ICAO ta ambata, na barin jirgi ya haura lambar hanya da kashi 10 cikin ɗari jefi-jefi, ba na matuƙi ba ne. Hukumar filin ce ke ba da shi, domin ita ta san halin shimfiɗar da yawan jiragen da suka riga suka ci wannan rangwamen a shekarar. A nemi izininsu ta ofishin shirya tafiya tun kafin a taso.

Ko lissafi ya yi daidai, hannu yana iya ɓata shi. A dogon jirgi matuƙi yana zaune nesa da manyan tayoyi, don haka in ya bi layin tsakiya da hancin jirgi a kwana mai tsauri, tayoyin ciki sukan yanke kwanar su faɗa gefe. Layuka biyu rawaya a bakin hanya su ne iyakar inda aka gina don ɗaukar jirgi. Kwaltar da ke bayansu an zuba ta ne don kada injin ya tsotsi tsakuwa ko iskarsa ta kwashe ƙasa. A bar hancin ya ɗan zarce layin kafin a karya, yadda littafin jirgin ya koyar, a shiga kwana da gudun da bai wuce not 10 ba, wato kusan kilomita 19 a awa. Danne birkin ɓangare ɗaya a juya jirgi a kansa yana murɗe kwalta, musamman da rana mai zafi sa'ad da ta yi laushi, kuma yana wahalar da ƙafar jirgin kanta.

In taya ta riga ta nutse ko ta sauka daga shimfiɗa, kada a ƙara wuta don a fizge ta. Ƙarfin injin yana iya lanƙwasa ƙafar jirgi, ya watsa duwatsu kan na baya, ya kuma ƙara binne tayar. A tsaya, a sanar da hasumiya, a kira injiniyoyi. Su za su yanke ko a sauke fasinjoji da kaya, ko a rage mai, kafin a jawo jirgin da mota, kuma ba ya tashi sai sun duba ƙafar da tayoyin.