Kurakuran da iyalai ke yi idan za su hutu tsibiran Maldibs daga Legas

Tun da muka kai yara Maldibs muka dawo, da wuya wata ya wuce wani bai tare ni ba, ko a bakin masallaci a Agege ko a wajen 'yan canji a Ikeja, yana tambaya: "Alhaji, nawa ne tikiti, wane otal ne mai kyau?" Tambayoyin biyu suna da muhimmanci, amma ba su ne ke ɓata wa iyali tafiya ba. Abin da ke ɓata ta shi ne mutum ya ɗauki wurin kamar Dubai, inda za ka sauka ka tari mota, ka ga kantin magani a kowace kwana. Maldibs tsibirai ne kusan 1,190 da murjani ya gina, sun jeru zobe-zobe har guda 26 a tsakiyar Tekun Indiya, kowane zobe ya kewaye wani tafki na ruwan teku. Waɗanda mutanen ƙasar ke zaune a kai ba su kai 200 ba. Wani tsibirin za ka zagaye shi da ƙafa cikin minti goma sha biyar. Duk abin da kake buƙata, daga likita har madarar jariri, sai ya biyo ruwa ko sama kafin ya iso gare ka.

Kuskuren da ya fi kowanne cin kuɗi shi ne mantawa da tafiya ta biyu. Babu jirgin da ke tashi daga Legas kai tsaye zuwa can, sai ka yada zango a Doha ko Dubai ko Istanbul, sannan ka sauka a filin jirgin Velana, kusa da Male, babban birnin ƙasar. Mutane sukan ɗauka sun iso ke nan. Alhali masaukinka yana iya kasancewa nisan kilomita ɗari ko fiye, kuma hanyar kai ka can uku ce: jirgin ruwa mai gudu, ko jirgin sama na cikin gida sannan a ƙarasa da jirgin ruwa, ko kuma ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Shi wannan na ƙarshe da rana kaɗai yake tashi. Idan jirginku ya sauka da yamma liƙis ko da dare, za ku kwana a Male ko Hulhumale, tsibirin da ke dab da filin jirgin, ku biya ɗaki a nan, ga ɗakin da kuka riga kuka biya a tsibiri yana can babu kowa. Kuɗin wannan ƙaramin jirgi kuma ɗaruruwan daloli ne kan kowane mutum ɗaya, zuwa da dawowa. Lissafa da mata da yara huɗu ka gani. Na san iyalin da kuɗin kai su tsibiri ya kusa kamo kuɗin kwanakin da suka yi a otal ɗin, domin sun ga farashin ɗaki ya yi sauƙi a intanet suka biya ba su tambayi yadda ake zuwa ba.

Gyaran ba wuya. Kafin ka biya ko kwabo, rubuta wa masaukin ka tambaye su: da me ake zuwa, nawa ne kan babba, nawa ne kan yaro, ƙarfe nawa jirgin ƙarshe ke tashi. Sai ka sayi tikitin da zai sauke ku da safe. Ga mai ƙananan yara ko tsohuwa, ni shawarata ya zaɓi tsibirin da ke cikin zobban Male ta Arewa ko ta Kudu, inda jirgin ruwa zai kai ku cikin ƙasa da awa ɗaya. Kyawun tsibiri mai nisa ba ya biyan wahalar yaron da ya kwana a jirgi, ya yini a zaune yana jiran wani jirgin. Kuma ku rage kaya. Ƙaramin jirgin nan kilo 20 yake ba mutum, da jakar hannu ta kilo 5, abin da ya haura sai an biya. Manyan akwatunan da muke cikawa idan za mu Umra ba nan ne wurinsu ba.

Akwai wanda zai ce zai bi jirgin fito na gwamnati saboda arha. Yana da arha ƙwarai, sai dai yana da jinkiri, ba kullum yake zuwa kowane tsibiri ba, kuma galibi ba ya aiki ranar Juma'a, domin Juma'a da Asabar ne ƙarshen makonsu. Wanda ya sauka ranar Juma'a da niyyar fito ya shirya kwana.

Sai takardu. Ana ba baƙo bizar kwana 30 a filin jirgi, wannan ya sa wasu ke sakin jiki. Amma wanda ya fito daga Najeriya dole ya nuna katin rigakafin shawara, shi da yaransa, ban da ƙananan jarirai. Allurar sai ta yi kwana goma a jiki kafin a amince da katin, don haka zuwa ofishin lafiya na filin jirgin Murtala Muhammed ana gobe tafiya ba zai fisshe ka ba. Wanda ya taɓa yi ba sai ya sake ba, tun 2016 katin na har abada ne. Akwai kuma fom ɗin IMUGA, na hukumar shige da ficen ƙasar, da ake cikawa a intanet cikin awa 96 kafin isa, kyauta ne, kowane mutum da nasa, har jariri. Riƙe takardar masauki da tikitin dawowa a hannu.

Lokacin tafiya ma ana kuskurensa, kuma hutun makarantunmu ne ke jawo shi. Dogon hutun yara daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba ya faɗa tsakiyar daminarsu, wadda ke farawa daga Mayu zuwa wajen Nuwamba. Ba wai ruwa ake yi dare da rana ba, ana samun rana sosai, farashi kuma yana sauka. Amma teku yakan yi fushi, jirgin ruwa ya riƙa tsalle, wani lokaci a soke fita gaba ɗaya. Daga Disamba zuwa Afrilu ne teku ke kwanciya, sai dai ƙarshen Disamba shi ne mafi tsada a shekara. Wanda ya samu hutun wajen Afrilu ya dace. Wanda kuma dole sai a dogon hutu, ya bar kwana ɗaya ko biyu na rara a tsarinsa. Damina tana da nata alherin: a lokacin ne manyan kifayen nan masu faɗi kamar tabarma ke taruwa a Hanifaru, cikin zoben Baa, wanda UNESCO ta sanya cikin wuraren da ake karewa a 2011.

Tun muna nan Legas akwai gwajin da ya kamata a yi, kuma kusan ba wanda ke yi. Da yawa daga cikinmu mun shekara ashirin a garin nan ba mu taɓa sa iyali cikin jirgin ruwa ba. Ku ɗauki yara wata Asabar ku tsallaka zuwa Tarkwa Bay. Nan za ka gane wane ne ke amai idan ruwa ya motsa, wane ne ke kuka idan an sa masa rigar ceto, da kuma ko Hajiya za ta yarda ta taka jirgin ma. Gara ka san wannan a gida da ka san shi bayan ka biya miliyoyi.

Batun ruwa shi ne wanda ya fi damuna, don shi ne ba ya gyaruwa idan ya ɓaci. Tafkin cikin tsibiri yana nan garau, kana ganin yashi a ƙasa, ruwa iya gwiwa, sai hankalin iyaye ya kwanta. Amma idan ka matsa gaba, inda murjani ya ƙare, ƙasa takan yanke lokaci ɗaya ta koma zurfi mai duhu. A mashigun da ke tsakanin tsibirai kuma ruwa na gudu da ƙarfi duk sa'ad da teku ke cika ko yake ja, har ƙwararren mai iyo yakan gaza komowa. Yaranmu mafi yawa ba su iya iyo ba, mu iyayen ma haka. Saboda haka rigar ceto a jikin kowa duk lokacin da za a wuce ƙugu, babba ɗaya kuma ya zama aikinsa kallon yara kawai, ba waya a hannunsa, in ya gaji ya miƙa wa wani da baki, kada a bar shi a "ai kowa na gani". Ku tambayi ma'aikatan wurin inda ake shiga da inda ba a shiga, sun san ruwansu. Ɗakunan nan da aka gina a kan ruwa, waɗanda hotunansu ke jan mutane, ƙofarsu ta baya matakala ce zuwa cikin teku. Otal da yawa ba sa ba masu ƙananan yara su, kuma suna da gaskiya. Ɗakin bakin yashi ya fi wa mai iyali.

Kada kuma wani ya ce baƙar fata ba ta ƙuna. Ƙasar tana kan tsakiyar duniya, rana na dukan ka daga sama, farin yashi da ruwa na mayar maka da ita daga ƙasa. 'Yata ta biyu kafaɗunta sun saɓule a kwana na uku. Riga mai dogon hannu ta shiga ruwa, hula, man kare fata, da zama a inuwa tsakanin sha ɗaya da ƙarfe uku. A sa wa yara takalmin ruwa, domin murjani yana yanka, kuma yankansa na saurin ruruwa idan ba a wanke shi sosai da ruwa mai daɗi da sabulu ba.

Asibitoci manya suna Male, irin su asibitin tunawa da Indira Gandhi. Tsibiri mai nisa ɗan ɗakin shan magani gare shi, ko likita ɗaya. Ku tafi da magungunanku isassu, musamman na asma, hawan jini da ciwon suga, a jakar hannu, ku kuma sayi inshorar tafiya wadda ta ƙunshi ɗauko mara lafiya daga tsibiri. Ga wani abu da ya shafe mu mu kaɗai: tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu zazzaɓin cizon sauro na maleriya a Maldibs. Idan yaro ya yi zazzaɓi a can, likita ba lallai tunaninsa ya fara zuwa kan maleriya ba, alhali yaron na iya tahowa da ita daga Legas. Faɗa masa da bakinka cewa daga Najeriya kuke, a gwada. Su kuma suna da zazzaɓin dengi, wanda sauron da ke cizo da rana ke yaɗawa. Kafin a ga likita a tsaya a kan farasitamol, kada a ba da asfirin ko ibufurofen, domin suna ƙara haɗarin zubar jini idan dengi ne.

Mutanenmu kan ji cewa ƙasar Musulmi ce sai su ɗauka ko'ina ɗaya ne. Tsibiran iri biyu ne. Akwai waɗanda otal ɗaya ya mallake gaba ɗaya, a nan ana sayar da giya, wasu suna dafa naman alade, shigar baƙi kuma irin ta Turai ce. Akwai kuma tsibiran mutanen gari, irin su Maafushi, inda aka ba da izinin buɗe gidajen baƙi tun 2009. A nan babu giya, kana jin kiran salla sau biyar, akwai masallaci da kanti da makaranta, farashi kuma ya yi ƙasa nesa ba kusa ba. An keɓe wa Turawa gefen bakin ruwansu daban. Mu a irin wannan muka sauka, maiɗakina ta shiga ruwa da suturarta ba wanda ya ɗaga ido. Wanda ya fi son otal mai tsibirinsa, ya tambaya tun daga gida yadda suke raba tukwane, ya kuma ce a kwashe giyar da ke cikin firjin ɗaki kafin yara su shiga.

A kula da salla. Agogonsu yana gaban na Legas da awa huɗu, wasu otal-otal kuma sukan ƙara awa ɗaya na kansu don baƙi su samu doguwar yamma, sai ka ga lokacin da wayarka ke nunawa ya saɓa da na bangon otal. Bi lokacin Male. Alƙibla ma ta juya: mu a nan gabas muke fuskanta mu ɗan karkata arewa, a can arewa maso yamma ce.

Kuɗi kuwa, farashin da ka gani a intanet sau da yawa bai haɗa da kashi 10 na hidima ba, da harajin yawon buɗe ido wanda ya koma kashi 17 a Yulin 2025, da harajin muhalli na dala 12 kan kowane mutum kowane dare a manyan otal, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi. Yaran da ba su kai shekara biyu ba an yafe musu na muhallin. A tsibirin otal ba ka da wani wurin cin abinci sai nasu, don haka kuɗin ɗaki da karin kumallo kaɗai tarko ne ga mai yara, a nemi wanda ya haɗa abinci sau uku. Katin naira yana iya ƙin aiki, riƙe dala a hannu, sababbi marasa yagewa. Abincin gari kifi ne da kwakwa da barkono, da wata gurasa marar kauri da suke kira roshi. Yaron da ba ya son kifi, a taho masa da garin kununsa.

Yara za su so tsintar kwanson bakin teku su cika aljihu. A hana su. Fitar da murjani daga ƙasar laifi ne, wani kwanson kuma akwai mai rai a ciki, mai siffar mazurari ma yana da dafin da ke iya kashe mutum. Amma ku tsuguna ku nuna musu wuri, kwanson nan da aka yi kuɗi da shi a da, idan kun gani a yashi. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi a kasuwar Kurmi, da yawansa daga waɗannan tsibirai aka kwaso shi, jiragen Turawa suka sauke shi a gaɓar tekun nan tamu, fatake suka haura da shi arewa a kan jakuna. Ɗana ƙarami ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannunsa, na gaya masa da irinsa kakan kakansa ya sayi goro, ya daɗe yana kallonsa kafin ya mayar da shi inda ya ɗauka.