Kurakuran da ake yi wajen zaɓen jirgin koyon tuƙi

Yawancin masu son koyon tuƙin jirgin sama kuɗin sa'a suke fara tambaya. Da sun ji jirgin Cessna 152 ya fi babban ɗan'uwansa Cessna 172 araha, shi ke nan. Amma 152, ɗan jirgin nan mai kujera biyu, ba ya tashi da nauyin da ya haura fam 1,670. In an cika tankuna, abin da ke saura wa ɗalibi da malami kilo 170 ne ko kusa da haka, wato ƙarti biyu masu kilo 90 sun riga sun zarce. Dole a rage mai, tafiyar nesa ta gajarce. Kafin ka biya, ka sa a yi lissafin nauyi da naka da na malaminka. In bai ɗauka ba, 172 ne naka.

Sai zafi, wanda aka fi raina. Manyan alƙaluman da ke farkon littafin jirgi na iska mai digiri 15 ne a daidai matakin teku. Filin Zariya yana kan tudun kusan ƙafa 2,200. Rana ta kai digiri 38, injin zai ji kamar yana sama da ƙafa 5,000. Ƙarfi ya ragu, gudun tashi ya tsawaita, hawa ya yi nawa. A nan bambancin ƙarfin inji, doki 110 na 152 da doki 180 na samfurin 172S, yake fitowa fili. Ka duba jadawalin nisan gudun tashi da ke littafin jirgin da zafin watan Afrilu.

Tambayi wane mai yake sha. Jiragen Cessna da Piper avgas suke so, wato fetur ɗin ƙananan jirage, shi kuwa yana wuya a Najeriya. Diamond DA40 NG, irin wanda kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya ke amfani da shi, Jet A-1 yake sha, man jiragen fasinja.

Kada ka riƙa sauya jirgi kafin ka fara tashi kai kaɗai. A 172 ana barin makunnin mai a kan tankuna biyu. Piper PA-28 ba shi da wannan, sai ka riƙa juyawa hagu da dama, wanda ya manta kuwa injin ya mutu da mai cike a tankin ɗaya fiffiken. DA40 kuma tayar gabansa sake take, da birki ake karkata shi a ƙasa.

Ka ƙirga irin jirgin nawa makarantar ke da su. In guda ne tal, duk ranar da ya shiga duban da ake yi masa bayan kowace sa'a 100 ta tashi, darasinka ya tsaya.