Yadda za ka haɗa must, should da can da jimlar da ba ta ambaci mai aiki ba

Yawancin sanarwar da ke manne a bango a Legas ba ta faɗin wanda zai yi aikin. A ƙofar sito za ka ga "Goods must be paid for before loading", a bakin titi kuma "Vehicles parked here will be towed". Samarin da nake koya wa Turanci bayan isha'i a Agege, galibinsu masu wuni a kasuwar Mile 12, suna gane ma'anar sarai. Sai an ce su rubuta irinta ne alƙalami ke cijewa.

Abin da nake fara nuna musu shi ne, Bahaushe ya daɗe da wannan salo. Muna cewa "dole a biya", "za a kama", "ya kamata a duba", ba tare da mun ce ga mai yi ba. Turanci kuwa kalmomi uku yake jerawa. Ta farko ɗaya daga cikin can, could, may, might, must, shall, should, will ko would. Ta biyu be zalla, ba is ba, ba to be ba. Akwai kuma 'yar'uwarsu ought, ita kaɗai ce cikinsu ke tafiya da to. Ta uku siffar aikatau ta uku, irin sent, written, taken. Ga shi: "The letter should be written today." In hani ne, not ta biyo kalmar farko nan take: "The gate must not be left open." In abin ya riga ya wuce, have been ta maye gurbin be: "The money should have been sent on Monday", wato ya kamata a ce tun Litinin an tura kuɗin, amma ba a tura ba.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda gizo ke saƙar shi ne aikatau masu tafiya da ƙaramar kalma a bayansu: pay for, look into, rely on, deal with. Ɗalibi zai ga for tana reto a ƙarshen jimla, sai ya share ta don yana ganin ta yi yawa. To ɗan'uwa, ma'anar ka share. "The driver must be paid" daidai ne, domin direba ne zai karɓi kuɗi. Amma "The tomatoes must be paid" na nufin tumatir za a miƙa wa kuɗin. Abin da kake so shi ne "The tomatoes must be paid for." Wannan yana damuna ƙwarai, domin a takardar ciniki irin wannan gibi kan jawo gardama tsakanin mutanen da suka yarda da juna.

Hanyar da nake bi ita ce, ka fara rubuta jimlar da mai aikinta: "We must pay for the tomatoes." Ka ja layi ɗaya ƙarƙashin pay for. Ka ɗauko tomatoes ka kai farkon jimla a gurbin we, ka saka be bayan must, ka mai da pay zuwa paid, for kuwa ka bar ta inda take.

Dubi look kaɗai. "The boy must be looked after", a kula da yaron. "The boy must be looked for", a nemo shi, ya ɓata ke nan. "The matter must be looked into", a bincika lamarin. Irin wannan bambanci na fitowa a tambayoyin cike gurbi na jarrabawar WAEC, saboda haka masu shirin zana ta su lura.

In kana son faɗin mai aikin, by ce ke kawo shi, ko da ta haɗu da wata ƙaramar kalmar: "The matter will be looked into by the chairman." Kada ganin into by a jere ya firgita ka, haka ake rubutawa. With kuwa ta kayan aiki ce: "The sack can be tied with a rope."

Gobe a hanyar kasuwa ka kwafo sanarwa biyar daga bango, ka mayar da kowace zuwa jimla mai farawa da we ko they, sannan ka sake juyo ta ba tare da ka kalli asalin ba.