Yadda za ka shiga tsohuwar tashar lantarki lafiya

Idan kana Gusau kuma kana sha'awar ganin tsohuwar tashar lantarki irin ta zamanin NEPA, wadda ta koma PHCN a 2005, fara neman izinin hukumar da ke kula da wurin, domin tsallaka katanga laifi ne. Ka tafi da rana tare da abokin tafiya, da tocila da takalmi mai kauri, saboda kububuwa na son ɓuya cikin ciyawa da tarkacen ƙarfe.

Abin da ya fi damuna shi ne farin abin da aka naɗe bututu da shi, domin sau da yawa asbestos ne, kuma shaƙar ƙurarsa na lalata huhu bayan shekaru masu yawa. Kada ka taɓa shi, haka ma man taransifoma da kowace waya, ko da ka ga ta yi tsatsa.