Masu koyon haɗa sabulu, don Allah ku daina kwara ruwa a kan soda

Wallahi na gaji. Duk rukunin matan da na koya wa haɗa sabulu a nan ƙauyenmu wajen Ringim sai an samu wadda ta maimaita abin da ya bar min tabo a hannu.

Soda, wato kostik soda mai ƙuna da ake haɗa sabulu da ita, ita ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba ruwa ake kwara wa soda ba. Da zarar ta haɗu da ruwa zafi take fitarwa da kanta, ba wuta ba komai, har ruwan ya kusa tafasa, to in ruwan ne mai yawa sai ya shanye zafin, in kuwa ɗan ruwa ne ya sauka kan tulin soda nan take zai tafasa ya fallatso miki. Ni ranar da abin ya same ni sauri nake saboda gobe kasuwa, na juye sodar a tukunyar tuwo ta alminiyam na kwara ruwa, kuskure biyu kenan a tashi ɗaya, don soda cin alminiyam take yi tana fitar da iskar haidurojin mai kama wuta, ga murhu kusa da ni. Allah ne kawai ya tsare.

Amma ba fallatsin ne ya yi min illa sosai ba, maganin da aka yi min ne. Wata baiwar Allah ta ce a kawo lemun tsami, wai tsami ke kashe kaifin kanwa. Eh, asid irin tsamin lemo da alkali irin su soda da kanwa suna kashe juna, kin sha gani in kika jefa kanwa a ruwan tsamiya yana kumfa tsamin ya ragu. To amma wannan haɗuwar ma zafi take fitarwa, kuma duk lokacin da aka ɓata ana neman lemo da wuƙa sodar tana nan tana cin nama na. Ruwa! Ruwa kawai, a yi ta kwarawa aƙalla minti 20, a cire zanin da ya jiƙe. In kin ji wurin yana santsi kar ki ɗauka sauƙi ne, sodar ce ke narkar da maiƙon fatarki. In ido ne a wanke a wuce asibiti, ba jiran maigida ya dawo daga gona.

Sannan ke da kike zuba ruwan soda a robar lemo ki ajiye ƙarƙashin gado, me kike nema? Fari ne tas kamar ruwan sha, yaro ba ya tambaya. In ya sha kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja, aman sake ƙona maƙogwaron zai yi, asibiti kawai. Ni ba na jiƙa soda sai yara sun tafi makarantar allo, a bokitin roba mai kauri, a tsakar gida, da safar hannu da tabarau, kuma muciyar da na ware mata ba ta sake shiga kicin.

Ƙanina mai cajin batir ma dokar ɗaya ce a wurinsa, asid ake zubawa cikin ruwa, don asid ɗin batir in ba a sirka ba ya kusa ninka ruwa nauyi, ruwan da aka kwara sai ya tsaya a sama ya tafasa. In ruwan batir ya ja ƙasa tataccen ruwan batir na kanti ake ƙarawa, ba asid ba, ba na rijiya ba.

Akwai wasu kayan ma da ke buƙatar irin wannan taka-tsantsan. Hypo, wato bilicin wanki, da maganin wankin masai mai asid kar su haɗu, iskar kulorin suke fitarwa. Kabaid ɗin masu walda in ya ji ruwa gas yake yi mai fashewa. Shi kuma maganin ƙwarin da ake sa wa wake, wanda ake ce wa bom, laimar iska kaɗai ta isa ta sa ya fitar da guba, buhun da aka sa masa kar ya kwana ɗaki ɗaya da mutane.