Yadda za ka shiga binciken ɗabi'a da rabuwar kai a siyasa

Idan abin da ke hana ka barci shi ne yadda mutum biyu masu hankali za su kalli abu ɗaya, wannan ya ce zalunci ne wancan ya ce ai shi ne adalcin ma, har ta kai ba sa ga maciji da juna saboda jam'iyya, to akwai masu cin abinci da wannan tambayar, masana halayyar ɗan Adam a cikin jama'a, kuma ga yadda ake shiga.

Digirin farko ba lallai sai saikoloji ba. Jonathan Haidt da sunansa ya fi fitowa a harkar nan falsafa ya karanta a Yale ya gama a 1985, sai a 1992 ya kammala digirin digirgir na saikoloji a jami'ar Pennsylvania. Inda ba a ɗaga wa kowa ƙafa shi ne ƙididdiga, don haka ka zauna ka koyi manhajar R tun yanzu, kyauta ce. Sannan ka liƙe wa malamin da ke bincike ka riƙa taya shi tattara bayanai ko da ba ko sisi, don wasiƙar da zai rubuta maka ita ce za ta buɗe ƙofar digirgir, wanda a Amurka yakan ci shekara 5 zuwa 6. Wajen nema kuma malamin da zai duba aikinka za ka bi, sunan jami'a ya zo daga baya.

Ainihin sana'ar kuwa iya tsara tambaya ce. Ba ka tare mutum ka ce mene ne ɗabi'arka, zai karanto maka abin da ya san kana son ji. Ɗan labari ake ba shi. Ɗaya daga cikin waɗanda Haidt ya yi amfani da su a binciken da ya fito a 1993, da mutanen Burazil da na birnin Philadelphia a Amurka, shi ne wasu iyali mota ta buge karensu ya mutu, suka dafa suka cinye, ba wanda ya gani. Sai ka tambaya, laifi ne? Mutum zai yamutsa fuska ya ce ƙwarai, ka ce to wa aka cuta, sai ya fara kame-kame, ya kawo hujja ka nuna masa labarin ya riga ya toshe ta, ƙarshe ya ce ni dai na san ba daidai ba ne. Wannan kame-kamen shi ake nema. A kansa Haidt ya kafa hujja a 2001 cewa zuciya ce ke fara yanke hukunci, hankali ya biyo baya kamar lauyan da aka ɗauko ya kare ta.

Daga nan ne shi da abokan aikinsa suka fitar da ginshiƙan ɗabi'a, tausayi, adalci, kishin naka, girmama na gaba, tsarki, daga baya aka ƙara 'yanci. A Amurka sun ga masu sassaucin ra'ayi sun fi jingina da biyun farko, 'yan mazan jiya kuma suna taɓa kusan duka. Ka karanta, amma kar ka haddace kamar karatun jarrabawa, masana da yawa sun soki rabon nan kuma wataƙila aikinka yana cikin sukar.

Ka fita daga cikin naka. Haidt da kansa sai da ya yi wata 3 a Bhubaneswar ta Indiya a 1993, lokacin yana aiki da Richard Shweder, masanin al'adun ɗan Adam, sannan batun tsarki da girmama manya ya zauna masa. A 2010 ma Joseph Henrich da abokansa sun nuna yawancin binciken saikoloji a kan mutanen ƙasashen Yamma ake yi, galibi ɗaliban jami'a, sai a ce wai haka ɗan Adam yake.

Wani abin kuma, a 2015 an maimaita bincike 100 na saikoloji, ko rabi ba su ba da sakamakon farko ba, shi ya sa yanzu tun kafin ka tara bayanai kake rubuta hasashenka da yadda za ka yi lissafin ka ajiye a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarin aikinsu, kuma sai kwamitin ladabin bincike na jami'arka ya sa hannu kafin ka tambayi kowa komai.

Kai ma fa kana da ɓangare, a nan mutane suka fi zamewa. Kafin ka raba takardar tambayoyi ka miƙa wa wanda kuka saɓa a siyasa ya karanta, duk kalmar da ya tsaya a kai ya ce mu ba haka muke kiran abin nan ba, ka canza ta ka sake kawo masa.